Farin Waken Ɗakin Hajara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na yaye zane daga kan kwatarniya a gaban prefe, wato shugaban mulkin yankin, da manoman ƙasar Dungas. Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube, amma wannan ranar ya bar mini ita cif, kamar da gangan.

Sai na fara faɗa muku ko ni wane ne, don ku san girman wautar. Na yi lekol har ajin ƙarshe na firamare, na zauna jarrabawar sartifika na faɗi. Daga nan na samu aikin planto, wato masinja, a wani biron noma, ofishin gwamnati, a Magariya. Ina shara, ina kai takardu, ina dafa wa injiniyoyi shayi. Abin da na kwaso a shekarun nan bai wuce 'yan kalmomin Faransanci ba, sai tafiya da hannu a goye a baya. Da na ajiye aiki na koma ƙauyenmu kusa da Guci, sai mutane suka ɗauki kirana Injiniya. (Su da wasa suka fara. Ni ne ban taɓa gyara musu ba, har wasan ya bi jikina.)

Matata Hajara ta rasu da bazara. 'Yarmu Hadiza tana aure a Kano, mazan kuma ɗaya yana Agadas, ɗaya ya haura Libiya. Suka zo, aka yi zaman makoki, aka yi sadaka, kowa ya koma inda ya fito. Na toshe 'yar tagar ɗakinta da tsumma, na ja ƙofa na sa kwaɗo. Ban ce wa kowa kada ya shiga ba, don ba mai shigar ma.

Wanda bai zauna shi kaɗai a gidan da ya saba da hayaniya ba, ba zai gane ba. Matar ƙanena tana aiko mini da tuwo, in ci rabi in rufe rabi. Na san kukan kowace kaza ta maƙwabta. In na ji takun mutum a lungu sai in gyara zama, in jawo tabarma, sai takun ya wuce. Mutane ba su ƙi ni ba. Ashe dai duk masu shigowa gidan nan a da, wajen Hajara suke zuwa, ni gaisuwar hanya nake samu.

Shekara ta kewayo, ruwan farko ya sauka da ƙarfi, indararon ɗakinta ya karye. Na ga alamar laima a bango amma na yi ta jan ƙafa. Sai da aka kwana da yawa na yi ƙarfin hali na buɗe don in ga ɓarnar. Akwai wani tulu da take ajiye irin wake a ciki, gauraye da toka don kada ya huje. Ƙasa ta rufto daga rufi ta fasa shi, waken ya watsu a jiƙaƙƙen daɓe. Na haska tocila, sai ga su sun tsiro. Dogaye, sirara, farare sol, kawunansu a sunkuye, ganyen ɗan mitsitsi mai launin man shanu. Ko ɗigon kore babu.

A nan ya kamata in tsaya in yi tunani. Duk wanda ya taɓa ɗaga tabarmar da aka manta a tsakar gida da damina ya ga yadda ciyawar ƙarƙashinta ke yin fari. Ni ma na gani, ba sau ɗaya ba. Amma ranar ban tuna da wata tabarma ba. Na zauna a dokin ƙofa, ƙamshin turarenta bai gama barin ɗakin ba, na ce a raina Hajara ta bar mini wani abu.

Har gwaji na yi, irin na injiniyoyi. Na tumɓuke guda na dasa a tsakar gida da tsakar rana. Kafin la'asar ya kwanta ya yanƙwane. Sai na yanke hukunci: wannan sabon iri ne, wake mai kunya, ba ya son rana, a cikin ɗaki ake noma shi. Na raɗa masa suna Ɗan Hajara.

Bayan sallar la'asar na faɗa a ƙofar masallaci. Ku tuna a wajenmu ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, gonar uba in an raba wa 'ya'ya kowa sai ya samu abin da bai fi shimfiɗar zaure ba. To ga wani yana cewa akwai waken da ba ya bukatar gona, ba ruwansa da akuya, ba ruwansa da ƙunar rana. Kafin magariba gidana ya cika.

Ba zan yi muku ƙarya ba, kwanakin nan sun yi mini daɗi. Mutane na cire takalma a ƙofar ɗakin, in shige gaba da tocila, su biyo ni. Mata su ce, "Allah ya jiƙan Hajara, ko bayan ranta hannunta da albarka." Na fito da butar shayi da ta yi tsatsa, na wanke. Na shimfiɗa tabarmi a zaure, har sun yi kaɗan. Ina bayani da hannu a baya, ina jefa "wala" da "donk" na Faransanci a tsakani. Akwai wani tsoho da ya leƙa, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Injiniya, ya taɓa yin 'ya'ya kuwa?" Na ce, "Baba, bincike ba a yi masa gaggawa." Ya gyaɗa kai ya fita. (Bai sake dawowa ba. Ina jin shi kaɗai ya tuna da tabarmar.)

Na farkon suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ce iskar mutane ce ta yi musu yawa. Na tsince sauran irin daga cikin toka, na cika kwatarniyar wankinta da ƙasa, na sake shuka kaɗan a ɗakin, na ja ƙofa. Suka fito farare kamar na farko. Wannan ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, ai an maimaita gwaji ya ba da sakamako ɗaya.

Wani maƙwabcina ya kira radiyon gari a shirin gaishe-gaishe, ya gai da "Injiniya mai farin wake". Ba a jima ba wani ma'aikacin furoje, irin masu aikin tallafa wa manoma, ya kira ni a tarho. Ya ce za su yi taron masu iri a filin kwalej na Dungas, manoma za su kawo irin gargajiya, prefe zai zo, ko zan kawo nawa? Na ce sai na duba lokacina. (Lokacina, ni da kaji.)

Ban hau kabu-kabu ba, don kada girgiza ta karya su. Na samu amalanke mai zuwa Dungas, na lulluɓe kwatarniyar da baƙin zanen Hajara, na tokare zanen da kara don kada ya danne su, na rungume ta har muka isa. Na sauka gidan Malam Sani, tsohon direban bironmu, abokina tun muna da baƙin gashi. Matarsa Delu ƙawar Hajara ce ta ƙut da ƙut.

"Injiniya, me ka rungumo haka kamar jariri?" in ji Sani.

"Za ka ji a mikro."

"To, a kai shi ɗakin baƙi ko a yanka masa rago?"

Na ajiye kwatarniyar a wani lungu na rumfarsu, na ce masa kada kowa ya buɗe. Shi na faɗa wa. Ban faɗa wa Delu ba, don a ganina maganar bincike ba ta mata ba ce.

Sai aka aiko cewa prefe ya yi tafiya, an ɗaga taron zuwa jibi. Ban damu ba. Tun da safe nake fita, in zaga tasha, in zauna wajen masu shayi, in bi rumfunan kasuwa, ina gayyatar mutane su zo su ga abin da ba su taɓa gani ba. Ba na dawowa sai bayan isha'i. In na shigo in taɓa zanen in ji da laima, in ce Sani yana kula. Ban ɗaga ba ko sau ɗaya, wai kada haske ya shiga.

Ranar taro aka kafa rumfuna a filin kwalej. Manoma suka jera kayansu a kan tabarmi: gero iri-iri, dawa, gyaɗa, gujiya. 'Yan makaranta suka tsaya a baya da malamansu. Ni aka ba ni tebur, a tsakiya, dab da kujerar prefe. Na sa babbar rigata ta sallah.

Da aka miƙo mini mikro, na fara da "Mesiye, medam". Na ba da tarihin aikina a biron noma (ban ambaci tsintsiya ba). Na ce ƙasa ta ƙare amma ɗakuna ba su ƙare ba. Na ce daga yau talaka zai noma wakensa a bayan gadonsa. Na ce wannan iri fari ne tun daga saiwa har ganye, kuma na sa masa sunan marigayiya matata. A nan na ji har an ce "Allahu akbar" a bayan rumfa. Na kama bakin zanen na yaye, ina kallon jama'a, ba kwatarniyar ba, don haka na ga injiniyoyi na yi.

Prefe ya ɗan miƙo wuya, ya koma ya jingina. Sai na duba.

Kore ne. Kore shar, ganye ya buɗe, kawuna sun miƙe. Wake dai, irin wanda ke fitowa a gindin turmi in mace ta zubar da ragowar tsinta.

Wani tsoho daga Bande, yana zaune kan tabarmarsa a gaba, ya ce ba tare da ɗaga murya ba, "Malam, irin wannan akuyata ta karya kumallo da shi yau."

Dariyar ta fara daga wajen 'yan makaranta, ta bi rumfa rumfa. Prefe ya rufe baki da takardar da ke hannunsa, kafaɗunsa na motsi. Da na tsaya nan, da abin ya zama labarin dariya kawai. Amma mikro na hannuna, kunya kuma ta hau mini kai. Na ce, "An canza mini. A gidan da na sauka aka sace nawa aka sa mini wannan."

Dariya ta tsaya. Kowa a Dungas ya san inda na sauka, ni da kaina na bi gari na faɗa. Na hango Sani ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Sai Delu ta miƙe daga ɓangaren mata, ta gyara mayafi.

"Baban Hadiza, ba wanda ya sace maka komai," ta ce. "Zanen Hajara na gane, na ɗaga. Na ga 'yan tsirrai an ƙunshe su kamar marasa lafiya, suka ba ni tausayi. In ka fita sai in jawo su inuwar bishiyar bedi in ba su ruwa, in rana ta faɗi in mayar in rufe. In laifi ne, ni na yi."

Ta koma ta zauna. Ban san wa na miƙa wa mikro ba. Na dai san na bar kwatarniyar a kan tebur, na bi ta bayan rumfa, na shige wani aji da na tarar a buɗe. Na zauna kan bencin yara, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, babbar riga ta bazu a ƙasa. Daga nan ina jin an ci gaba da taro, wani yana bayanin gero.

Can sai ga wata mata ta shigo ɗauke da kwatarniyata. Ta ce sunanta Madam Rakiya, ita ke koyar da ilimin halittu a kwalej ɗin. Ba za ta girmi Hadiza ba.

"Baba, ka manta kayanka."

"Ki ba akuyar mutumin Bande."

Ta yi murmushi, ta ajiye a kan tebur. "A duhu ka shuka su, ko?"

Na ce eh.

"To ba ka yi ƙarya ba, farare ne ka gani. Kuma su ne waɗannan."

Ta jawo kujera ta zauna, ta yi mini bayani a hankali, da Hausa, ba ta jefa mini "donk" ko ɗaya ba. Ta ce jikin kowane tsiro an gina shi ne da 'yan ɗakuna ƙanana waɗanda ido ba ya gani. A cikin ɗakunan akwai wasu 'yan ƙullutai, su a makaranta plast suke ce musu. Na cikin ganye in sun sha haske sai su yi kore, su ne ke dafa wa tsiro abinci. In ba haske, sai su tsaya ba launi, sun shirya amma ba su fara aiki ba, jira kawai suke. Ranar da haske ya same su sai su kama yin kore, ba sa ɗaukar dogon lokaci.

Na ce, "To me suke ci a duhun, har suka yi tsawo haka?"

"Guzurin da ke cikin ƙwayar. Tsawon ma neman haske ne. In guzurin ya ƙare ba su samu ba, sai su mutu."

Na tuna na farkon da na ce iskar mutane ta kashe.

Ta ce akwai kuma wasu plast ɗin da ba su da launi tun asali, lekoplast, waɗanda ke cikin saiwa da rogo da dankali da ƙwayar hatsi. Su ba girki ne aikinsu ba, ajiya ce, kamar rumbu. Garin da muke samu a rogo, su suka tara shi. Ta ce in jira. Ta fita ta dawo da guntun ɗanyen rogo da wani madubi mai ƙafa wanda ke girmama ƙananan abubuwa. Ta kankare rogon kaɗan a kan gilashi, ta ɗiga ruwa, ta kai bakin taga ta daidaita.

"Leƙa, Baba."

Na leƙa, na ga wasu baƙaƙen sanduna suna motsi. Na ce, "Na gan su, dogaye ne, suna da rai."

"Gashin idonka ne. Matso kaɗan."

Na matso. Sai ga su, 'yan dunƙule-dunƙule garai-garai, ba launi, cunkus kamar ƙanƙarar da ta zubo a tsakar gida. Na daɗe ina kallo. Shekara nawa ina cin rogo, ina share biron da ake wannan magana, ban san da su ba.

Da na ɗago na tambaye ta abin da ke cina tun ɗazu. "Ke nan ba ruwan Hajara a ciki?"

Ta ce, "Wa ya zaɓi irin? Wa ya adana shi har ya shekara bai huje ba, ya fito gaba ɗaya? Iri ne mai kyau, Baba. Gona kawai yake so."

Na so in bi ta bayan gari in nemi amalanke. Amma jakata tana gidan Sani, kuma ko ba jaka na san abin da ke kaina. Na tarar da Delu tana tankaɗe. Na tsaya daga nesa na yi sallama, na ce na zo neman gafara.

Ba ta ɗago ba. "A gaban prefe ka ce mini ɓarauniya. A nan kuma daga ni sai kaji za ka ba haƙuri?"

Na ce in tana so in koma in karɓi mikro.

"A'a, ka rufa mana asiri, kai da mikro kun gama." Ta buga rariya a tafin hannu. "Da Hajara na nan, tun a gida za ta ja maka riga. Wata nawa ɗakin nan yana rufe?"

Na faɗa mata.

"Ita da ko barci ba ta yi sai taga a buɗe. Ka je ka cire tsumman nan. Na yafe. Zo ka ci abinci."

Sani ya bari sai da muka wanke hannu. Sannan ya ce, "Injiniyan duhu, miƙo mini yajin nan." Sunan da ya bi ni ke nan har yau.

Labari ya riga ni isa gida. Tabarmin da na shimfiɗa a zaure na naɗe su da kaina, butar shayi ta koma inda take. Takun mutane ya ci gaba da wucewa ta lungu. Wannan ya fi dariyar Dungas ciwo, don yanzu na san yadda gidan yake in ya cika.

Na cire tsumman. Na gyara indararo, na share ɗakin, na bar ƙofar a buɗe. Waken kwatarniya na dasa a bayan gida, sauran irin na kai gona. Ya yi 'ya'ya sosai, wake ne kamar kowane wake, sai dai yana saurin nuna a tukunya. Na aika wa Delu da Madam Rakiya, na zuba na iri a sabon tulu da toka yadda na ga tana yi. Masu karɓar irin a ƙauyenmu Ɗan Hajara suke ce masa. Suna faɗa suna dariya, amma suna faɗa.

Ran kasuwar Guci Sani yakan biyo. Tun daga lungu zan ji shi: "Injiniyan duhu yana ciki, ko yana bincike?" Wasu ma in za su wuce sukan leƙo su ce, "Ya wake, ya yi fari?" In ce, "Yana nan yana jiran prefe." Don tsokana suke tsayawa, na sani. Ina miƙa musu tabarma duk da haka, wani lokaci har su zauna.

Abin da na koya bai da yawa, daidai karatuna. In ka ga abin mamaki a ɗaki mai duhu, fara buɗe taga kafin ka kira prefe. In kuma ka riga ka kira shi, to ka leƙa ƙarƙashin zanen kafin a ba ka mikro.